Shanu Arba'in da Uku a Cikin Hotunan Biki

Malam Abatcha bai taɓa ba da bakinsa a kara, kasuwar shanun Babura, aka dawo masa da shi ba. Shekara arba'in da wani abu yana cikin harkar shanu. Ya kora a ƙasa, ya ɗora a mota, ya tsallaka iyaka ya dawo har sefa ta zame masa kamar naira, kuma duk tsawon lokacin nan, in ya ce saniya kaza ta wane ce, to magana ta mutu. Shi ya sa ranar da ya miƙe a rumfar Sarkin Kara ya ce, "Karsanar nan ta Adda Shatu ce, kuma hotonta yana cikin na'urar 'yata," ko tari babu wanda ya yi.

Ga yadda abin ya taso. Adda Shatu Bafulatana ce, ta manyanta, mijinta ya daɗe da rasuwa, rugarsu tana gabas da gari. Daga zuriyar saniyar da uwarta ta ba ta ranar aurenta, farar karsana ɗaya ce kaɗai ta rage mata. Da farkon damina karsanar ta ɓace. Bayan wata biyu sai wani ya hango ta a Gwiwa cikin garken wani mutum mai suna Ɗayyabu. Shi kuwa Ɗayyabu ba ɓarawo ba ne, kowa ya shaide shi. Shi ma farar karsana ce ta ɓace masa, rannan da safe ya tarar da wannan a bakin shingensa, ya ce Allah ne ya dawo masa da tasa. Aka kawo dabba Babura, Sarkin Kara ya ɗaure ta a gidansa, ya ce nan da kasuwa mai zuwa a kawo shaida. In ba a kawo ba, dabba ta wanda aka same ta a hannunsa ce.

Abin da ya sa Abatcha ya buga ƙirji kuwa, 'yarsa ce, Bilqis. Ta yi karatun kwamfuta a Kazaure, ta dawo ta ce wa ƙungiyar masu shanu su daina dogara da rantsuwa. A riƙa ɗaukar kowace dabba hoto, kunnuwanta a fili, mai ita yana riƙe da igiya, a adana a laftof ɗin ƙungiya. Tun ana yi mata dariya har aka zo ana bin layi, a Babura, a Kazaure, a Roni, a Gwiwa. Kuma Abatcha yana tsaye a wurin ranar da aka ɗauki Adda Shatu da karsanarta. Ba zai manta ba, don shi ne ma ya ce mata ta saki fuska, kada na'ura ta kasa bambance wace ce saniyar.

Da aka tashi daga rumfa sai ga Adda Shatu ta sha gabansa da sandarta.

"Kai, Babarbare, ka tabbata? Don ku in kuka buɗe baki, iska ce ta fi yawa."

"Bafulatana, je ki dama fura ki kawo mini. Da ba don maigidanki Abatcha ba, da kin koma ruga da igiya zalla."

"Maigida? Bawana dai. Allah ya sa 'yar taka ba ta ɗauko ka ba."

Ya yi dariya ya wuce.

Washegari da hantsi ya nufi ɗan ofishin ƙungiya da ke bayan kara, yana taku kamar wanda zai je karɓar kyauta. Ya tarar da Bilqis zaune a gaban laftof, goyonta Nafisat tana barci a bayanta. A gefe Musaddiƙ, sakataren ƙungiya, yana tsaye ya harɗe hannuwa a baya. Tun daga yadda suka amsa sallama ya san ba lafiya ba.

"Baba, babu shi," in ji Bilqis.

"Babu wa?"

"Hoton. Ba nata kaɗai ba. Duk na ranar, guda arba'in da uku, babu ko ɗaya."

Ya ja kujera ya zauna. Shi mutum ne da in abu ya ɓaci ba ya ɗaga murya, sai dai ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya cire ya ɗora.

"Ki sake dubawa."

"Na sa na'urar ta bincika kanta tun daga tushe har ƙarshe, sau uku. Na duba katin kyamara, shi ma wayam. Ranar ba ni na yi aikin ba, ina gida ina wankan jego. Malam Musaddiƙ ne ya karɓe ni."

"Wallahi, Baba, yadda ta koya mini haka na yi," in ji Musaddiƙ. "Na sa kati, na rubuta ajiye, na danna. Ya rubuto mini an gama, arba'in da uku. Da idona na gani."

"To an gama a ina?"



Abatcha bai yi boko ba, amma bai taɓa yarda a yi ciniki a kansa da yaren da ba ya ji ba. Ya matsar da kujerarsa kusa da na'urar. Allon baƙi ne wuluk, da ƙananan fararen rubutu kamar kiyashi.

"Yi mini bayani da Hausa, 'yar nan. Mene ne wannan ajiye ɗin?"

Bilqis ta gyara goyo. "Baba, cikin na'urar nan kamar gari ne. Unguwa, cikin unguwa gida, cikin gida ɗaki. Su muke kira folda. Duk wanda ya buɗe baƙin allon nan, to a cikin ɗaya daga cikinsu yake tsaye, ko ya sani ko bai sani ba. Ajiye kuwa umarni ne da ni na rubuta da hannuna. Abin da yake cewa shi ne, kwashe hotunan da ke cikin kati, ka zuba su a ɗakin da ake kira hotuna, wanda ke nan inda kake. In babu, ka gina shi."

"Wanda ke nan inda kake," in ji Abatcha, yana juya maganar a bakinsa.

"E. Ni kullum sai na fara shiga foldar Babura, ko ta Roni, gwargwadon kasuwar da muke, sannan in ba da umarnin. Hannuna ya saba, har ba na tunani."

"Wato kwatance kika yi masa. Ba ki ce masa gari kaza, unguwa kaza, gidan wane ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na taɓa yi wa wani direba haka a waya," in ji shi. "Na ce ya sauke mini bijimai shida a rijiyar farko ta hannun dama. Ni a zatona daga Kazaure yake tahowa, ashe ta ɗaya ɓangaren ya ɓullo. Ya kuwa sauke su a rijiyar farko ta hannun dama, bai saɓa mini ba ko kaɗan. Kwana biyu ina yawo a daji." Ya juya ga sakatare. "To kai, ɗana, ranar a wane ɗaki kake tsaye?"

"Ni fa, Baba, ban san ana tsayuwa ba."

Amma kafin ya rufe baki yatsun Bilqis sun riga sun hau aiki. Ta ce na'urar tana riƙe da jerin duk abin da aka taɓa rubuta mata a baƙin allo, layi bayan layi. Ta yi ta ja sama, tana wuce nata umarnan, har ta iso watan da ta haihu. Sai ta tsaya cak. Ta karanta a hankali, ta sake karantawa, sannan ta juyo da laftof ɗin wajen Musaddiƙ.

"Malam, mece ce bikina?"

Musaddiƙ ya kau da kai. Ashe a makon da aka ɗauki hotunan ne ya yi aure. Mai hoton biki ya ba shi kati, shi kuma ba shi da inda zai zuba, sai ya buɗe folda a laftof ɗin ƙungiya ya sa mata suna bikina, a cikinta ya yi wata ya sa mata suna hotuna. Ya shiga ya gama abin da zai yi, ya rufe murfin na'urar ba tare da ya kashe ba. Da safe a kara ya ɗaga murfi, allo yana nan yadda ya bar shi, ya rubuta ajiye. Na'ura ta duba inda yake, ta ga ɗaki mai suna hotuna a shirye, ta zuba shanu arba'in da uku a cikin hotunan amarya.

"To ai da sauƙi," in ji Abatcha. "Buɗe bikin nasa mu gani."

"Babu ita a na'urar, Baba." Bilqis ta ciji leɓe. "Da na dawo aiki na ce kada in sake ganin kayan kowa a laftof ɗin ƙungiya. Ga layin nan, ya kwashe foldar ɗungurungum ya mayar cikin filash."

"Ina filash ɗin?"

Musaddiƙ ya dubi ƙasa. "Yana Roni."

"Wajen wa?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofa, ya dubi rufi.

"Wajen su... wajen su Inna."

Abatcha ya gane. Sunan surukarsa ne ya kasa fita daga bakinsa. Sunanta Ya Kura, Babarbariya ce, uwar matarsa Sadiyya. Abatcha ya san ta sarai, don shi ne ma ya karɓa wa Musaddiƙ auren. Tun daga ranar kuwa ango bai sake yarda sun haɗa ido da ita ba. In ya hango ta a hanya, kwana yake yi da babur ko da kuwa cikin gonar gyaɗa ne.

Aka sa shi ya kira Sadiyya a waya, ko za ta karɓo. Da ta ji abin da ake nema sai ta fashe da dariya, har su Abatcha suna jiyowa.

"Filash ɗin Inna? Ko ni da ta haifa ba za ta ba ni ba. Kullum yana jikin talabijin."

"Me take yi da shi kullum?"

"Ku je dai ku gani da idonku," in ji ta, ta kashe waya.

A rana ta uku suka kama hanya, su uku da goyo. Bas ta kai su Kazaure, daga nan suka hau acaba. Gero ya fitar da kai, dawa ta yi duhu, duwatsu sun yi kore har ƙeya. Abatcha ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya kuma tsaya ya sayi goro da turaren wuta mai kyau, don ya san gidan da za shi. Suna shiga Roni, a daidai tashar 'yan acaba, Musaddiƙ ya dire.

"Baba, ni zan jira ku a nan."

"Kai da gidan surukanka?"

"Baba, don Allah."

"Zauna abinka. In ta tambaya zan ce kana kiwon kunya a tasha."

Ya Kura ta tarbe su da murna. Mace ce doguwa, mai faɗin murya, ɗakinta yana ƙamshin turare tun daga zaure. "Wushe, wushe, sannu da zuwa, Abatcha! Yau wace rana!" Ta karɓi Nafisat ta ɗora a cinya, ta sa aka kawo ruwa da fura. Akwai maƙwabtanta mata biyu zaune a kan tabarma, suka ja mayafi suka gaishe shi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi na Babura ɗaya bayan ɗaya, aka yi maganar ruwan bana. Abatcha yana ta neman ƙofar da zai shigo da zancen filash, sai ita da kanta ta buɗe masa.

"Af, ai kai ne wakilin ango, kuma ba ka ga hotuna ba. Bari ka gani. Khadijat, kunna mana."

Ɗaya daga cikin matan ta tashi ta kunna talabijin. Ga Sadiyya da lalle har gwiwar hannu. Ga ƙawaye sun jeru. Sai ga wani jan bijimi ya cika allo, ƙahonsa kamar zai fasa gilashi. Ga amarya tana kuka a kafaɗar gwaggonta. Ga kunnen saniya, tsage biyu. Ga tukwanen abinci. Ga wata baƙar saniya da ɗan maraƙinta.

Bilqis ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa.

"Ka ga halin surukin nawa?" in ji Ya Kura, tana kaɗa kai cikin jin daɗi. "Ko da wasa bai taɓa cewa yana da ko akuya ba. Sai ya sako su cikin hotunan biki, shiru, don in gani in kwantar da hankalina. Yaro mai kunya ke nan. Arba'in da uku, na ƙirga. Sadiyya tana ce mini wai ba nasa ba ne. Na ce ke yi mini shiru, wane namiji ne yake gaya wa amarya dukiyarsa?"

"Duk unguwar nan an gani," in ji Khadijat. "Har daga Yankwashi an zo."

Sai hoton ya sauya, ga farar karsana, kunnen hagu tsage biyu, da wani baƙin tabo kamar babban yatsa a maƙogwaro. Ga Adda Shatu riƙe da igiya, ta murtuke fuska kamar an ci mata tara.

"Tsaya a nan," in ji Ya Kura. "Wannan farar ita ce tawa. Na riga na faɗa, in Sadiyya ta haihu ita za a ba jikana. Wannan tsohuwar kuma cikin masu yi masa kiwo take. Ka ga fuska, da gani ba ta ƙoshi."

Abatcha ya kai ƙwaryar fura baki ya daɗe bai sauke ba, don in ya sauke dariya ce za ta zubo. Ya adana maganar a ransa, ya san inda zai kashe ta. Amma da dariyar ta lafa sai ya ga ramin da ke gabansa. Matar nan ta yi wata biyar tana nuna wa Roni shanun surukinta. In ya kwance mata zane a gaban maƙwabta, filash ba zai fita ba, kuma auren da ya karɓo da hannunsa zai sha wuya. Akwai hanya mai sauƙi, ya ce a ba shi a ƙaro mata wasu hotunan. Sai dai shi bakinsa ne jarinsa, kuma saboda bakin nan ne ma ya zo Roni. Ba zai wanke shi a Babura da ƙaryar da ya yi a Roni ba.

Ya ajiye ƙwarya, ya gyara riga.

"Ya Kura, shanun nan ba na Musaddiƙ ba ne."

Khadijat ta dubi 'yar'uwarta.

"Ki bari in kai aya," in ji shi. "Masu shanu arba'in a ƙasar nan, in na fara lissafa miki su, sai la'asar ta yi ban gama ba. Wasunsu ko aron igiya ba zan ba su ba. Amma ki gaya mini mutum nawa kika sani da Bafulatani zai jawo saniyarsa, ya buɗe masa kunnenta, ya ce riƙe mini shaidarta? Bafulatanin da ko ƙanensa ba ya gaya wa yawan garkensa? Mutanen kasuwa huɗu ne suka damƙa wa surukinki wannan amanar, shi da 'yata. Wannan tsohuwar da kike gani, farar nan ita kaɗai ta mallaka a duniya. Ta ɓace, an gan ta a hannun wani. Nan da kwana huɗu za a yanke magana, kuma duk faɗin ƙasar nan babu inda shaidarta ta rage sai jikin talabijin ɗinki."

Ya Kura ta zuba masa ido, ta daɗe. Ita ma ba yau ta zo duniya ba. Abatcha ya ga lokacin da abin ya soke ta, ya kuma ga lokacin da ta auna ƙofar da ya bar mata a buɗe. Sai ta juya ga maƙwabtanta, ta ɗaga haɓa.

"Kun ji ko? Shaidar kasuwa huɗu, a ɗakina take kwana. Wata biyar ina gadinta, ko ƙura ban bari ta hau ba."

"Ikon Allah," in ji Khadijat.

Da matan suka fita yin alwala, sai ta rage murya. "Abatcha, kai tsohon dillali ne. Ka yanka ni ka kuma shafa mini mai."

"Gaskiya na faɗa, Ya Kura."

"Na sani, shi ya sa ban kore ka ba. Amma filash ba zai bar ɗakin nan ba. 'Yarka ta kwafi abin da za ta kwafa a nan gabana. Kuma kada ta cire mini shanun, na saba da su." Ta dubi ƙofa. "Shi kuma surukin nawa yana ina?"

"Yana tasha."

"Ka ce masa na gode da amana. Ka kuma ce ya daina shiga gonar mutane da babur, ana kawo mini ƙara."

Bilqis ta buɗe laftof a kan tabarma, ta sa filash, ta kwafi shanu banda 'yan biki. Da ta gama ba ta rufe ba. Abatcha ya ga ta buɗe wani rubutu tana gogewa tana sakewa.

"Me kuma ake yi?"

"Ajiye nake gyarawa, Baba. Yanzu ba zai motsa ba sai an faɗa masa sunan kasuwa. Kuma na cire kwatancen, na sa cikakken adireshi." Ta nuna masa da yatsa: /home/kungiya/babura/hotuna. "Ka ga 'yar sandar nan da ta karkace a farko? Ita ce ke cewa faro daga tushen na'ura, kada ka dubi inda mutum yake. Daga tushe ka shiga gida, ka shiga ƙungiya, ka shiga Babura, ka shiga hotuna. Ko daga cikin bikin wa aka kira shi, nan zai kai."

"'Yar sandar nan kaɗai?"

"Da ita da abin da ke binta."

Ya daɗe yana kallon sandar. Ƙarama ce, ba ta kai tsinken sakace ba.

Ranar kasuwa rumfar Sarkin Kara ta cika har waje. An kawo karsanar an ɗaure a turke. Ɗayyabu yana zaune da mutanensa na Gwiwa, Adda Shatu tana gefe a tsugune, sandarta a tsakanin gwiwoyi. Kafin a buɗe na'ura, wani yayan Ɗayyabu mai suna Yakubu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, mun ji labari. An ce hoton nan ya ɓata, sai a Roni aka tsinto shi cikin kayan biki. Na'urar da take kai shanu gidan biki, ita za mu yarda da ita?"

Aka yi 'yar dariya. Musaddiƙ ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abatcha ya yunƙura zai tashi, sai ya ji muryar Bilqis a bayansa.

"Allah ya ba ka nasara, na'ura ba ta yi kuskure ba, sakatare ma bai yi ba. Ni ce na rubuta umarnin, na kuma rubuta shi da gurguwar hanya, wadda ba ta kai mutum gida sai in ya taso daga inda na saba tasowa. Ban gaya wa kowa ba, don ni kaina ban lura ba. Laifina ne, na kuma gyara. Hoton kuwa ga shi, da ranar da aka ɗauke shi a jikinsa. A duba shi, a duba dabba."

Abatcha ya koma ya zauna a hankali. A rumfar nan ya ga manyan mutane masu furfura sun rantse sun maya don kada su ce sun yi kuskure. Ya ji rigarsa ta yi masa kaɗan.

Sarkin Kara ya sa tabarau ya duba, ya miƙa wa Ɗayyabu na'urar. Ɗayyabu ya daɗe a kan hoton. Ya tashi ya je wurin karsanar, ya kama kunnen hagu ya duba, ya ɗaga maƙogwaronta ya sa babban yatsansa a kan baƙin tabon. Ya tambayi watan da aka ɗauki hoton, aka faɗa masa. A watan tasa tana gida, ba ta ɓace ba tukuna. Bai jira hukunci ba. Ya sunkuya ya kwance igiyar da kansa, ya kai wa Adda Shatu da hannu biyu.

"Inna, ki yafe mini. Taki ce. Tawa tana can inda Allah ya kai ta." Ya juyo wajen Bilqis. "Malama, yaushe za ku zo Gwiwa? Ina da goma sha tara, ina so a ɗauke su duka."

Adda Shatu ta karɓi igiyar. Ta dafa goshin karsanar tana yi mata magana ƙasa ƙasa da Fulatanci, ta goge ido da bakin mayafi. Sai da ta ja ta ta kai bakin rumfa sannan ta waiwayo.

"Babarbare, ashe dai 'yar ba ta ɗauko ka ba. Tana da hankali."

"Ke dai ki yi a hankali," in ji Abatcha, yana mayar da hularsa. "A Roni duk an san ki. An ce ke ce mai yi wa surukin Barebari kiwo, kuma da gani ba kya ƙoshi."

"Wa ya faɗa?"

"Har daga Yankwashi an zo kallonki."

Ta ɗaga sanda ta yi kansa, rumfa ta kaure da dariya, karsana ta fizge ta yi gaba da ita. Abatcha ya bi su da kallo har suka shige cikin kara. Wani baƙon dillali da ke kusa da shi ya nuna Bilqis da haɓa, tana naɗe wayar laftof, ya tambaya ko 'yar wace ce wannan.

Abatcha ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa. Bai yi masa kwatance ba. Ya faro masa tun daga kakanta na Borno.